Sayen motar gida da bashin shekara 20 a Amurka: amsa ga wani ɗan'uwa daga Houston

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston ta jihar Texas shekara goma sha ɗaya ke nan, ina aikin jinya a asibiti, ina da mata da yara huɗu. Tun bara nake sha'awar irin motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, wadda ake kira RV, domin mu riƙa fita da iyali lokacin hutun makaranta ba tare da tsadar otal da wahalar neman abincin halal a hanya ba. Na ga wata sabuwa a kan dala 90,000. Dillalin ya ce in ba da 10,000 kafin alƙalami, sauran kuma in riƙa biyan wajen 670 a wata har shekara 20. Albashina zai iya ɗauka. Har yanzu haya muke, ba mu sayi gida ba. Shin wannan ciniki ne mai kyau? Kuma akwai hanyar da zan bi in kauce wa kuɗin ruwa?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya saka da alheri da ka kawo alƙaluman kamar yadda aka ba ka su, domin yawancin masu yi mini wannan tambaya kuɗin wata kawai suke faɗa, sai na yi ta tono kafin in ji tsawon shekarun. Idan na fahimce ka, tambayoyi biyu ka haɗa: ko bashin dala 80,000 na shekara 20 a kan motar gida abu ne da ya kamata magidanci ya shiga, da kuma ko akwai hanyar mallakarta ba tare da kuɗin ruwa ba. Na yi shekaru ina aiki a sashen ba da rance na wani ƙaramin banki na 'yan ƙungiya a nan Amurka kafin in koma cike wa mutane takardun haraji, kuma irin takardar da ake so ka sa wa hannu ta sha ratsa teburina. Saboda haka zan faɗa maka ra'ayina tun daga farko: a yadda aka tsara maka cinikin nan, ban ba ka shawarar sa hannu ba. Sha'awar fita da iyali ba ta da laifi ko kaɗan, tsarin biyan ne yake da gyara.

Abin da ke ƙunshe cikin dala 670

Ba ka ce dillalin ya faɗa maka yawan ruwan da zai hau kan bashin ba, amma alƙaluman da kansu sun tona shi. Bashin dala 80,000 da za a biya cikin wata 240 a kan kusan 670 kowane wata yana nufin ruwan kashi 8 cikin ɗari a shekara. Idan ka ninka 669 da 'yan kai sau 240, za ka samu kimanin dala 160,600, wato za ka biya uwar kuɗin 80,000, sannan ka ƙara wasu 80,600 na ruwa zalla. Mota ɗaya za ka shiga, amma kuɗin biyu za ka biya. A watan farko, daga cikin 669 ɗin nan dala 533 ruwa ne, 136 kacal ce take rage bashin, kuma haka za a yi ta tafiya da tafiyar hawainiya, har bayan shekara biyar cif, lokacin da ka riga ka zuba sama da dala 40,000, za ka tarar ana bin ka kimanin 70,000.

Don ka ga yadda tsawon wa'adi yake cin mutum, ɗauki wannan bashi da wannan ruwa ka rage shekarun. A shekara 15 kuɗin wata zai zama wajen 765, ruwan gaba ɗaya kuma kimanin 57,600. A shekara 10 kuɗin wata zai hau zuwa 971, amma ruwan zai sauka zuwa kimanin 36,500. Tsakanin shekara 20 da shekara 15 bambancin wata bai kai dala 100 ba, alhali bambancin abin da zai fita daga aljihunka ya kai 23,000. Wannan ne dalilin da ya sa dillali ba ya fara tambayarka nawa za ka saya, sai dai nawa za ka iya biya a wata, domin da zarar ka furta adadi, shi kuma sai ya ja shekarun har lissafi ya zo daidai da bakinka.

Kuma dala 90,000 ɗin ba ita ce ƙarshen farashi ba. Jihar Texas tana karɓar harajin sayen abin hawa kashi 6.25 cikin ɗari, wanda a kan wannan mota ya kama dala 5,625. Sai kuɗin rajista da na takardu, sai kuma abubuwan da ake ɗora wa mutum a ƙaramin ofishin nan na bayan shago inda ake sa hannu: garantin ƙarin shekaru, man kare fenti, inshorar taya, da sauransu. Duk abin da ba ka biya lakadan ba a ranar, za a zuba shi cikin bashin, shi ma ya yi ta haihuwa shekara 20.

Me ya sa ake ba da shekara 20 a kan mota?

Bashin motar hawa ta yau da kullum yakan tsaya tsakanin shekara biyar zuwa bakwai. Na motar gida kuwa yakan kai 10 zuwa 15, kuma idan kuɗin ya yi yawa a kai shi 20, saboda da wa'adin shekara shida za a sayar da ita, da kuɗin wata ya kori yawancin masu saye. Ruwanta ma yakan ɗara na motar hawa, kuma dalilin a fili yake ga duk wanda ya zauna a kujerar mai ba da rance: idan rayuwa ta matse mutum, zai fara biyan haya ko bashin gida, sannan motar da yake zuwa aiki da ita, motar shaƙatawa ce ta ƙarshe a layi. Banki ya san haka, sai ya saka wannan haɗarin cikin farashin rancensa.

Yana da kyau kuma ka san kasuwar da za ka shiga. Yawancin waɗannan motoci a arewacin jihar Indiana ake haɗa su, a garin Elkhart da kewayensa, kuma kamfanoni uku ne suka mamaye harkar: Thor, mai Airstream da Jayco da Keystone, Forest River, wanda Berkshire Hathaway ya saya a 2005, da Winnebago. Lokacin annobar korona mutane sun guji jirgi da otal, ga ruwan bashi ya yi ƙasa ƙwarai, sai aka yi rububin saye, har masana'antun suka fitar da sama da 600,000 a shekarar 2021, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Daga nan Babban Bankin Amurka ya fara ɗaga ruwa a watan Maris na 2022, daga kusan sifili har ya haura kashi 5 a tsakiyar 2023, kuma a shekarar 2023 ɗin abin da aka fitar ya faɗo zuwa wajen 313,000. Waɗanda suka saya da tsada lokacin rububi suka fara neman mai karɓa, kasuwar na hannu ta cika, farashi ya karye.

Ɗaya daga cikinsu ɗan'uwanmu ne, direban babbar mota, wanda ya zo wurina da takardunsa cikin wata jakar leda a ƙarshen 2023. Ya sayi tasa sabuwa dal a 2021, da ɗan ƙaramin kafin alƙalami da dogon wa'adi irin naka. Sun fita da ita sau huɗu a shekarar farko, sau biyu a ta biyu, daga nan aka kira shi daga gida cewa mahaifiyarsa tana buƙatar aiki a asibiti, ya ga babu abin da zai sayar da ya wuce motar. Muka zauna, na kira bankin a gabansa na nemi adadin da zai biya a rufe bashin, sannan muka duba abin da dillalai biyu suka taya. Tsakanin abin da ake bin sa da tayi mafi tsoka akwai giɓin da ya haura dala 20,000. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce da ni, "Wato Malam, sai na biya kuɗi kafin in rabu da kayana?" Amsar ita ce e, domin takardar mallaka tana jingine a hannun banki, kuma ba za su sake ta ba sai an cika musu kuɗinsu. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce aiki.

Abin da ya same shi ba tsautsayi ba ne, haka lissafin yake. Motar gida tana zubar da daraja da sauri a shekarun farko. Masu harkar sukan ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin biyar a shekarar farko kaɗai, kuma abin da na gani da idona bai saɓa wa haka ba. Mu ɗauka taka ta koma dala 50,000 ko 55,000 bayan shekara biyar, alhali ana bin ka 70,000. Ko da ka ce banki ya zo ya ɗauki abarsa, za su kai ta gwanjo, su sayar yadda ta kama, sannan su biyo ka da cikon, ga kuma makin bashinka, wato makin da bankuna suke auna amanarka wajen biyan bashi da shi, ya lalace na shekaru.

Kuɗin riƙo, wanda ba ya cikin takardar dillali

Kuɗin wata goma sha biyu sun kama kimanin dala 8,030. Banki zai wajabta maka cikakkiyar inshora muddin bashin yana nan. Tunda haya kake, da wuya mai gida ya bar ka ka ajiye mota mai tsawon ƙafa 25 ko 30 a harabarsa, kuma ko gidan kanka ne, unguwanni da yawa a Houston suna da ƙungiyar masu gidaje da ta hana, don haka sai ka kama wurin ajiya da ake biya duk wata. Sai gyara, wanda a nan gyara biyu ne: na mota, da na gida da ake girgiza shi a kan titi. Rufi yana son a riƙa duba liƙinsa don kada ya yi yoyo, ga janareta, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga famfo da tankunan ruwa, ga tayoyi da sukan tsufa cikin shekara shida ko bakwai ko da ba a taka su ba. Idan ka ware dala 1,500 ga kowane ɗaya daga cikin ukun nan, inshora da ajiya da gyara, ba ka yi almubazzaranci ba, kuma jimla ta kai wajen 12,500 a shekara tun motar ba ta motsa ba.

Yanzu sai ka tambayi kanka tsakani da Allah: dare nawa za ku kwana a cikinta a shekara? Kai ma'aikacin jinya ne, ka fi ni sanin yadda hutu yake wuyar samu, yara kuma suna makaranta da islamiyya. Idan kun yi dare 20, kowane dare ya tsaya muku a kan dala 625, ban da mai, kuma irin wannan mota takan yi mil 8 zuwa 10 ne a galan ɗaya, ban da kuɗin sansanin da za ku tsaya ku jona wuta da ruwa. Da wannan kuɗin za ka kama ɗakuna biyu a otal mai kyau har canji ya rage. Akwai kuma shekarar da za ku tafi gida Najeriya hutun bazara, ko ku tafi Umra. A wannan shekarar motar za ta zauna tana cin kuɗi ita kaɗai.

Gida tukuna

Kalmar da ta fi tsaya mini a rai a wasiƙarka ita ce "haya muke". Duk wanda zai ba ka kuɗin sayen gida, banki ne ko kamfanin Musulunci, zai haɗa basussukan da kake biya a wata ya auna su da albashinka kafin a cire haraji, kuma da yawa ba sa son jimlar ta wuce wajen kashi 43 cikin ɗari. Dala 670 da ta riga ta tafi wurin mota za ta fito ne kai tsaye daga abin da za a yarda ka biya wa gida, kuma a lissafin ruwan shekarun nan hakan yana iya rage ƙarfin sayenka da kusan dala 100,000. Dala 10,000 ta kafin alƙalami ma da ta zama tubalin farko na kuɗin gidan. Gida a mafi yawan lokuta yana riƙe darajarsa ko ya ƙara, mota kuwa sai dai ta ragu. Wanda ya fara da mota ya sa keke a gaban doki ne da kuɗinsa.

Wataƙila dillalin ya gaya maka, ko zai gaya maka, cewa za a rage maka haraji saboda hukumar haraji ta Amurka, IRS, tana ɗaukar motar gida a matsayin gida na biyu. Akwai gaskiya a ciki: idan tana da wurin kwana da wurin girki da banɗaki, kuma ita ce jinginar bashin, ana iya lissafa ruwan cikin abin da ake cirewa. Sai dai hakan yana aiki ne ga wanda yake jera abubuwan cirewarsa ɗaya bayan ɗaya maimakon ya karɓi rangwamen bai-ɗaya, wanda a shekarar 2024 ya kai dala 29,200 ga mata da miji masu cike takarda tare. Ruwan shekararka ta farko bai wuce 6,340 ba, kuma ba ka da ruwan bashin gida da za ka haɗa da shi. A cikin masu haya da na cike wa takarda, da wuya ka ga wanda wannan rangwame ya amfana da ko sisi.

Batun kuɗin ruwa

A nan dole in san iyakata: ni ma'aikacin lissafi ne, ba mai ba da fatawa ba, saboda haka abin da zan iya shi ne in bayyana maka yadda kowace yarjejeniya take, kai kuma ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa. Takardar da dillali zai ba ka, ko an kira ta sayarwa ta biya kaɗan-kaɗan, tana ɗauke da ruwan da yake taruwa kullum a kan ragowar bashin, kuma a mafi yawan lokuta dillalin zai sayar wa wani banki da ita cikin 'yan kwanaki. Malamai sun bambanta wannan da sayarwa a kan ajali, inda mai kaya zai ce lakadan 90,000, zuwa shekara biyar kuma 105,000, a tsayar da farashi ɗaya a wurin ciniki, ba ya ƙaruwa don an yi jinkiri. Jumhurun malamai sun halatta wannan na biyun. A Hausa kalmar riba tana ɗaukar ma'ana biyu, ribar ciniki da ribar bashi, kuma na sha ganin wannan ya rikita mutane, har wani ya ce ai duk ɗaya ne tunda a ƙarshe ƙari ka biya. A wurin malaman fiƙihu ba ɗaya ba ne, kuma inda bambancin yake shi ne wa ya mallaki kayan a lokacin sayarwa, da kuma ko kuɗin yana ƙaruwa da tafiyar lokaci.

Wanda ya san yadda bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, yake saya wa mutum mota ya sayar masa da ita ta hanyar murabaha, ya san tsarin da kake nema. A Amurka akwai cibiyoyi masu irin wannan aiki, kamar Guidance Residential da UIF da Devon Bank na Chicago, amma ƙarfin harkarsu a kan gidaje yake, shi Guidance ma gida kaɗai ya sa a gaba. Duk wanda ka tuntuɓa, ka tambaye shi a rubuce ko yana karɓar motar gida, ko yana aiki a Texas, shekara nawa yake bayarwa, da abin da ke faruwa idan ka makara da biya. Ka kuma sa a ranka cewa murabaha tana warware matsalar shari'a ne, ba ta hana mota zubar da daraja. Idan ka ɗauki dogon wa'adi a can ma, giɓin nan yana jiran ka. Sannan malamin da za ka je wurinsa zai iya tambayarka abin da ni ma zan tambaya, wato ina larurar take? Masu sassauci a kan bashin gida a ƙasashen da Musulmi suke tsiraru da hujjar buƙatar matsuguni suke yi, motar yawon hutu kuwa da wuya ta shiga wannan babi.

Akwai hanyoyi biyu da mutanenmu suke bi da ba su da alaƙa da banki. Ta farko adashi, wanda har yanzu yana tafiya a tsakaninmu a biranen nan. Mutum goma masu zuba dala 1,000 a wata suna ba kowa kwasar 10,000, ba ruwa ba tara, illa dai sai da amintattu. Ta biyu aro daga asusun fanshonka na wurin aiki, wato 401(k), idan tsarin asibitinku ya yarda: doka ta ba da damar aron rabin abin da ya tabbata naka, iyaka dala 50,000, a mayar cikin shekara biyar, kuma ƙarin da ake ɗorawa asusunka yake komawa. Wasu malamai suna ganin sauƙinsa saboda haka. Ni dai ba na son sa a kan kayan shaƙatawa, domin idan ka bar aikin kafin ka gama biya, ragowar tana iya zama kuɗin da za a caje ka haraji a kai, har da tarar kashi 10 idan ba ka kai shekara 59 da rabi ba.

Idan duk da haka ka zaɓi rance

Ba kowa ne zai bi shawarar farko ba, kuma wani mai karatu yana da hali da fahimta daban, don haka ga abin da zai rage ɓarna. Kada a shiga shagon dillali sai da takardar amincewar rance daga banki ko daga bankin 'yan ƙungiya, irin wanda ake kira credit union, domin dillali yakan karɓo ruwa a wani farashi daga banki ya ɗora nasa a kai, bambancin kuma la'adarsa ce. Waɗanda suke da rajistar gwamnatin tarayya a cikin bankunan 'yan ƙungiya doka ta hana su cin tarar wanda ya biya bashi kafin lokaci, abin da ya kamata a tabbatar a kowace takarda. A yi cinikin farashin mota shi kaɗai, a gama, kafin a buɗe maganar biya. Farashin da aka liƙa a gilashi na taya ne, kuma a wannan kasuwa ana sauke shi sosai. A ba da aƙalla kashi 20 kafin alƙalami, kada wa'adi ya wuce shekara bakwai zuwa goma, kuma idan kuɗin wata ya gagara a wannan wa'adi, to motar ce ta fi ƙarfin mai saye.

Dokar bayyana gaskiyar rance ta 1968 ta tilasta wa mai ba da bashi ya nuna maka alƙaluma a fili kafin ka sa hannu: yawan ruwa a shekara, jimlar ruwan a dala, adadin da aka ranta maka, da jimlar abin da za ka biya. Suna nan cikin akwatuna a jere a saman takardar. Ka ɗora yatsa a kan na ƙarshen ka karanta shi da ƙarfi a gaban maiɗakinka, domin ita ma shekara 20 ɗin nan da ita za a yi. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa kana da kwana uku na fasa ciniki. Wannan doka ba ta shafi abin hawan da aka saya a shagon dillali ba, da ka sa hannu ka fita da ita, ta zama taka.

Abin da zan yi da ni ne kai

Zan fara da haya. Kamfanin Cruise America yana ba da hayar irin wadda ka gani, kuma a shafukan Outdoorsy da RVshare masu motocin ne da kansu suke bayarwa. Ka ɗauki ɗaya na mako guda ka kai iyali wani gandun shaƙatawa na jiha, ka tuƙa ta cikin iska a babban titi, ka ja ta da baya cikin sansani da dare yara suna kuka, ka sa safar hannu ka zubar da tankin banɗaki da kanka. Bayan nan za ka san ko rayuwar ta karɓe ku. Na ga iyalan da suka dawo suna ɗokin komawa, na kuma ga uwargidan da ta ce girki da wanke-wanke a kicin mai faɗin tabarma ba hutu ba ne, canjin wurin aiki ne kawai. Ko dala 2,000 makon ya ci, bai kai abin da za ka biya banki cikin wata uku ba.

Idan kun gwada sau biyu ko uku abin ya zauna, sai ka riƙa zuba 670 ɗin nan a asusu na daban kamar dai bashin kake biya. Cikin shekara biyu ka tara sama da 16,000, ka haɗa da 10,000 da ke hannunka, ka samu 26,000, kuma a hanya ka gane ko da gaske albashin yana ɗauka bayan an aika na gida. Wannan kuɗi yana sayen tirelar gida ta hannu mai kyau, irin wadda ake ja, ba injin da zai lalace, inshorarta da harajinta kuma ba su kai na mai inji ba. Sharaɗin shi ne motar da za ta ja ta: idan Sienna gare ka kamar yawancinmu masu yara, ƙarfin janta nauyin fam 3,500 ne, wanda ƙaramar tirela kawai zai ɗauka, kuma dole ka lissafa nauyin mutum shida da kayansu. Kada a sayi tirela da arha sannan a ci bashin a-kori-kura don a ja ta.

Wajen sayen ta hannu, ruwa ne babban abokin gaba. Ka je da rana, ka rufe ƙofa da tagogi na ɗan lokaci ka shaƙi iskar ciki. Warin ruma ba ya ɓuya. Ka buɗe akwatunan sama ka danna bango da rufi da babban yatsa a kusurwoyi da gefen tagogi, ka taka ƙasa a gaban banɗaki da bakin ƙofa, duk inda ya lotsa katako ya riga ya ruɓe a ciki. A jikin kowace taya akwai lambar da ta fara da DOT, kuma alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 yana nufin mako na 23 na 2019. Ka biya ƙwararren mai duba irin waɗannan motoci wanda ba yaron mai sayarwa ba ne, 'yan ɗaruruwan daloli ne. Sannan ka ga takardar mallaka da idonka. Idan sunan banki yana kanta, to a ofishin bankin za a yi biya, a rufe bashin mai ita a gabanka, kafin ka miƙa masa ragowar.